Tambaya da Amsa: Daga ina kaushin muryar kanari yake fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, shekara shida ke nan ina kiwon kanari, yanzu ina da huɗu a keji a ƙofar shagona na ɗinki. Akwai wani namiji da na fi ji da shi. In ya fara rerawa sai ka ce sarewa, amma a tsakiyar waƙar yakan saka wata ƙara mai kaushi, kamar ana yaga yadi, daga nan ya koma kan zaƙinsa kamar ba abin da ya faru. Wani abokina ya ce mura ce, wani ya ce maƙogwaronsa ne ya tsage. Ci lafiya, sha lafiya. Mece ce gaskiyar lamarin? Sannan me ya sa hankaka, shi ma ai tsuntsu ne, ba ya iya komai sai irin wannan ƙara?
Daga Sani Tela, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sani, Allah ya sa wa allura albarka. Tun da yana ci yana sha, kuma yana gama ƙarar yake komawa kan zaƙinsa, to ka kwantar da hankalinka. Maƙogwaron da ya tsage ba ya ɗinkewa cikin ƙiftawar ido ya sake tsagewa a baiti na gaba, kai da kake tela ka fi ni sani. Abokanka biyu wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: sun ɗauka muryar tsuntsu daga maƙogwaro take fitowa kamar tamu.

Lokacin da nake koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, duk shekarar da muka iso darasin numfashi nakan sayo zakara da kuɗin aljihuna, don ɗakin gwajinmu ba abin da ke cikinsa sai kwalabe da ƙura. A yanka shi, in tara yara. Kafin a fige sai in danna ƙirjinsa da tafin hannu. Sau da yawa sai ka ji ya ce "ƙwak", aji ya watse, masu ƙarfin hali su dawo suna leƙe daga taga. Wuƙa ta riga ta raba maƙogwaro gida biyu, amma ga murya ta fita, domin abin da ke yin ta yana can cikin ƙirji inda wuƙa ba ta kai ba. In ka bi bututun iskar tsuntsu daga wuya ka gangara, za ka iso inda ya rabu kamar gwafa, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya na hagu. A wannan mararraba gaɓar muryar take. Masana suna ce mata sirinks, kalmar Girkanci ce mai nufin sarewar kara irin ta makiyaya. Ni a aji mabusa nake kiranta, kuma da wannan suna za mu ci gaba.

Mabusar zakara ba ta da wani ƙawa. Ta kanarinka kuwa daban ce. Shi da gwara da jan baki da marai, har da hankakan da ka raina, duk gida ɗaya suka fito a lissafin masana, gidan tsuntsaye mawaƙa, wanda ya ƙunshi iri sama da 4,000 daga cikin irin tsuntsaye fiye da 10,000 da ke duniya. 'Yan wannan gida kowanne reshe na gwafar yana da 'yan leɓɓansa biyu na tsoka mai laushi, suna fuskantar juna, da tsokokin da ke ja da saki, da jijiyar da ke kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa. Wato baki biyu ne a ƙirji ɗaya, na dama da na hagu, kuma duka kayan a jikin kanari ba su kai ƙwayar wake girma ba. An daɗe ana zaton wata siririyar fata ce da ke gefe take kaɗawa ta ba da sauti. Sai a 1997 Franz Goller da Ole Larsen suka zura wata 'yar kyamara mai kaurin tsinke cikin bututun iskar tsuntsu suka gani da idonsu cewa leɓɓan nan ne ke aikin.

Yadda suke aikin kuwa, kowane yaro ya taɓa yi da balan-balan ranar Sallah. Ka hura shi, ka kama bakinsa da hannu biyu ka ja, iska ta riƙa fita yana tsuwa. Ba hannunka ne ke kaɗa robar ba. Iska ce ke ture ta ta buɗe, ƙarfin robar ya mayar da ita ta rufe, iska ta sake turewa, haka dai. Kai abu biyu kawai ke hannunka, yawan iskar da ke matsowa da yadda ka ja bakin. Tsuntsu ma haka. Kada ka ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ke ba da umarnin kowace buɗewa da rufewa, ba za ta iya ba. Muryar mutum namiji baligi tana kaɗawa wajen sau 100 zuwa 120 a sakan ɗaya, ta ƙananan tsuntsaye kuwa dubbai ce. Coen Elemans da abokan aikinsa sun auna tsokokin mabusar wani tsuntsun Turai da ake kira starling a 2008, suka tarar suna iya ja da saki har sau 250 a sakan. Wannan gudu ne na ban mamaki, tsokar hannunka ko kusa ba ta yi, amma duk da haka bai kama ƙafar dubbai ba. Saboda haka ƙwaƙwalwa tana saita iska da ɗaurin leɓɓa ne, ta bar sauran aiki ga tsoka da iska su daidaita tsakaninsu.

Abin da kunnenmu ke ji a matsayin zaƙi shi ne maimaici. Kowace buɗewa ta yi daidai da wadda ta gabace ta, tsawonsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, kamar ɗinkin keken da aka saita zaren samansa da na ƙasansa. Kaushi yana shigowa ne ta ƙofa fiye da ɗaya, kuma kunne kaɗai ba ya iya rarrabe su, shi ya sa masana kansu suka sha gardama a kai.

Ƙofar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wadda leɓɓan ke rikicewa da kansu, ba tare da wani ya rikita su ba. Akwai wani famfo a bayan gidanmu da ya ƙi rufuwa shekara da shekaru, a kansa na fahimci wannan. In ka matse shi sosai, ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya, ɗis, ɗis, ɗis, har ka iya saita agogo da shi. Ka ɗan sassauta kaɗan, sai tafiyar ta canza: tazara ɗaya doguwa, ɗaya gajeriya, doguwa, gajeriya. Har yanzu da tsari, amma sai ɗigo biyu sun sauka kafin tsarin ya zagayo. Ka ƙara sassautawa gwargwadon gashi, ya koma sai huɗu. Daga nan, kafin ruwa ya zama zare, akwai wani ɗan tsakani da ɗigon ke sauka yadda ba mai iya cewa ga lokacin da na gaba zai faɗo. Famfon bai ƙara lalacewa ba, ba wanda ya girgiza shi, ruwan nan ne dai da ƙarfen nan. Masana lissafi suna kiran wannan hali hargitsi mai ƙa'ida: doka ce ke tafiyar da shi daga farko har ƙarshe, amma ba ya maimaita kansa.

Leɓɓan mabusa suna iya bin wannan hanya sak. A ce suna kaɗawa sau 600 a sakan. Iska ta ɗan ƙaru, ko leɓe ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa ɗauri, sai buɗewa ta koma ɗaya babba ɗaya ƙarama. Tun da yanzu sai an yi biyu tsari ke zagayowa, kunne zai ji wata murya ta ɓullo a ƙasa, mai kaɗawa 300, kauri ya shigo waƙa farat ɗaya. A ƙara matsawa, a samu 150. A wuce nan, maimaici ya ɓace, sauti ya bazu ko'ina kamar yagar yadin da ka ambata. Abin lura shi ne ba a hankali ake shiga ba, tsalle ake yi, kuma haka ake fitowa. Shi ya sa tsuntsu kan bar kaushi ya dira kan zaƙi ba tare da ko gyaran murya ba.

Wanda ya fito da wannan fili shi ne Michale Fee da abokansa uku a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka, a rahoton da mujallar Nature ta buga a 1998. Sun yi aiki da wani ɗan tsuntsun Ostareliya mai jan baki da zane-zane a wuya, dangin baiwar Allah ta nan gidajenmu, Turawa suna ce masa zebra finch. Suka ciro mabusarsa ita kaɗai, ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya, ba ma tsuntsun, suka riƙa tura mata iska suna ƙarawa sannu-sannu. Sai ga tsokar da ba rai tana tsalle daga sauti mai tsabta zuwa mai ninki, wato buɗewa ɗaya babba ɗaya ƙaramar nan, zuwa hargitsi, ita da kanta. Suka ce ashe wani kaso na abin da muke yaba wa ƙwaƙwalwar tsuntsu a kai, halin tsokar ne kawai.

Maganar ta yi daɗi, ni ma na daɗe ina faɗa wa ɗalibai ita kamar an gama shari'a. Sai a 2010 Elemans da Goller, tare da Rodrigo Laje da Gabriel Mindlin na ƙasar Ajantina, suka sake duba wannan tsuntsun dai, suka ce a yi hankali. Mabusar da aka ciro tana yawan faɗawa cikin ninkin nan, gaskiya ne, amma a waƙar baligin namiji mai rai ba su same shi ba. Wato muddin gaɓar tana zaune a mazauninta cikin ƙirji, tsuntsun yana bin tsakiyar hanya ne, ba ya taka bakin rami. Shekara biyu kafin wannan kuma, Sue Anne Zollinger da Tobias Riede da Roderick Suthers na Jami'ar Indiyana sun auna iskar da ke bi ta kowane reshe a jikin wani tsuntsun Amurka gwanin kwaikwayon kukan wasu, yana cikin waƙa da ransa. Shi kam sun kama shi yana tsallen murya, yana ninki, yana shiga hargitsi, har yana fitar da murya biyu mabambanta daga ɓangare ɗaya alhali ɗayan yana rufe. Abin da na ɗauka daga wannan ja-in-ja shi ne ramin yana nan a kowace mabusa, amma ba kowane irin tsuntsu ne ke zuwa bakinsa wasa ba.

Wata ƙofar ita ce haɗuwar bakunan nan biyu. Yawanci suna raba aiki ne cikin ladabi. Kadinal, wani jan tsuntsu na Amurka, yakan yi fito mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ya fara da ɓangaren dama, a wajen kaɗawa 3,500 a sakan ya miƙa wa na hagu, kuma ba kunnen da zai ji wurin haɗin. Wani irin kanarin gida na Turai ya fi dogara ga hagu. Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller ya nuna tun shekarun 1970 cewa in aka yanke jijiyar hagu yawancin waƙarsa ta tafi, in ta dama ce kaɗan yake rasawa. To amma in bakunan suka buɗe lokaci ɗaya, kowanne da nasa gudun, suna iya taɓa juna, sai a haifi wasu sautuka da ba na dama ba ne ba kuma na hagu ba. Stephen Nowicki da Robert Capranica sun nuna haka a 1986 a kukan wani ɗan tsuntsu da ake kira cikadi, wanda ƙarshen kukansa ke fita da kaushi kamar na mai mura.

Sai ƙofa ta uku, wadda nake kyautata zaton ita ce ta kanarinka, kuma ita ce mafi sauƙi: gudu. Taka kekenka a hankali, za ka ji allura tana cak, cak, cak, kana iya ƙirgawa. Sake masa ƙafa, sai ƙirga ta gagara, ka ji "grrr" kawai. Ba abin da ya rikice a keken, kunnenka ne ya kasa rarrabewa. Kanari yana iya jera gaɓoɓin waƙa har wajen 30 a sakan ɗaya, yana ɗan zuƙar iska tsakanin kowace biyu, shi ya sa yake dogon rerawa bai shiɗe ba. In ya so wuce wannan gudu sai ya daina zuƙar, ya riƙe iska a matse yana buɗe mabusa yana rufewa, abin ya fito kamar kurman ƙara. An yi waɗannan aune-aune ne a kan kanarin Turai, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne. Namu na nan ɗan'uwansa ne na kusa, ba iri ɗaya ba ne, amma ginin mabusarsu ɗaya.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ɗauki waƙarsa a waya sau goma, da safe kafin kasuwa ta cika da hayaniya. Ka saurara ko ƙarar tana faɗowa a wuri ɗaya kullum, bayan baiti kaza kafin baiti kaza. In haka ne, to cikin karatunsa take, koyonta ya yi, wataƙila ma daga bakin ubansa ko wani maƙwabcinsa a daji tun yana ɗan tsako. Sannan ka sa wani yaro mai wayon waya ya rage maka gudun sautin sau huɗu ko takwas. In kaushin ya warware ya koma ɗigo-ɗigo a jere, gudu ne. In ya zauna yana "shhh" kamar ruwan sama a kan kwano duk yadda aka rage shi, to ka kama tsuntsunka a cikin hargitsin da Fee ya bayyana, kuma ina roƙon ka aiko mini da shi in ji.

Yanzu hankaka. Mabusarsa ba ta gaza ta kanari ba ko kaɗan, tsokokin nan duk yana da su. A 2007 Kenneth Jensen da su Larsen da Goller suka ɗauki hoton bidiyo mai tsananin gudu na cikin mabusar hankakan Turai, ɗan'uwan namu mai farin ƙirji. Suka ga leɓɓan sun fi daɗewa a rufe, sai su buɗe na ɗan mitsitsin lokaci su saki iska kamar bugu, su sake rufewa. Irin muryar da kake yi ke nan in an tashe ka daga barci ka amsa daga can ƙasan maƙogwaro, tana karkarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ɓangarorin biyu karɓa-karɓa suke yi, dama ta buga, hagu ta buga, sak luguden mata biyu a turmi ɗaya. Saboda haka abin da kake ji kamar shirme a kan bishiyar mayanka, akwai tsari a cikinsa. Kuma hankaka yana da wasu 'yan ƙananan sautuka masu laushi da yake yi in yana kusa da abokiyar zamansa, sai dai ba mai tsayawa ya saurare shi. Sunan mai da ɗan wani naka ya riga ya ɓata masa suna, alhali shi aka cuta: akwai wani tsuntsu da ke zuwa ya saka masa ƙwai a sheƙa ya bar shi da reno.

Kaushin ma yana da ranarsa. Peter Marler ya lura tun 1955 cewa in shaho na shawagi a sama, ƙananan tsuntsaye sukan yi wata siririyar tsuwa mai tsayi da ke da wuyar gane inda ta fito, kowa ya ɓuya ba a tona mai gargaɗi ba. In kuwa mujiya suka gani a zaune, ko maciji, sai su koma ƙara mai kaushi, domin ita kunne ke saurin gane inda take, 'yan'uwa su taru a yi wa abokin gaba ca. Kuma sautin da ba ya maimaita kansa yana da wuyar sabo. Kukan jariri cike yake da irin wannan ninki da hargitsi, an auna an gani. Mutum yana iya barci kusa da injin niƙa, amma kukan jariri sai ya tashe shi.

Abin da zai sa ka nemi likitan dabbobi daban ne. In kaushin ya mamaye waƙar duka, ko muryar ta dushe, ko ya daina kuka alhali ba lokacin zubar gashi ba ne. In ka ga yana numfashi baki buɗe, wutsiya tana sama da ƙasa da kowane numfashi, ya kumbura gashi ya zauna shiru. Ko ka kasa kunne da dare ka ji wani "ƙyas-ƙyas" na fita daga ƙirjinsa, to wannan ciwo ne. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ke shiga bututun iskar kanari su zauna, akwai kuma fumfuna da ke tsirowa daidai kan mabusa, wadda sau da yawa daga hatsin da ya jiƙa ya yi ruma take zuwa. Kada ka ba shi gero ko accan da ya kwana cikin damshi. Ka kuma nisanta kejin da hayaƙin janareta da na maganin sauro na kunnawa da na dutsen guga mai gawayi, domin huhun tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba nesa ba kusa ba. Lokacin hunturu ka rufa masa wani ƙyalle da dare, ƙyalle kam ba ka rasa shi ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. Malaminmu ya ce akwai tsuntsayen da ba su da murya sam. Da gaske ne?
Daga Hauwa'u, Maraɗi.

AMSA: Malaminku ya yi gaskiya, 'yata, sai dai da ɗan gyara. Ungulayen nahiyar Amurka ba su da mabusa, saboda haka iyakarsu huci da gurnani, iska ce kawai ke wucewa ta matsattsen wuri. Ungulun mahautanmu ba danginsu ba ce duk da kamar da suka yi, ita tana da tata, tana kuma tsuwa in ana rububin nama. Dangin shamuwa suna da gaɓar amma ba ta da tsokokin kirki, shi ya sa da yawansu suka fi dogara ga kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, in suna gaisawa a sheƙa. In damina ta kusa, shamuwa ta dawo kan bishiyoyin garinku, ki tsaya a ƙasa da yamma ki saurara, ki rubuta abin da kika ji ya fito daga ƙirji da abin da ya fito daga haɗuwar baki, ki kai wa malamin naku.